Anti, da sakan kilas ofa zan samu PhD a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Ina aji huɗu a sashen saikoloji a wata jami'a nan gida Najeriya, CGPA ɗina 4.21 ne, kuma tun ina aji biyu burina in tafi Amurka in yi PhD a ɓangaren kilinikal, wato masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ba tare da na tsaya mastas ba. Furojet ɗina a kan damuwar da mata ke shiga bayan haihuwa nake yin sa, ban da shi ban taɓa wani bincike ba. Ƙawayena sun ce tunda ba fas kilas gare ni ba kar ma in ɓata kuɗin fom. Ki faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Daga ƙanwarki a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh tunda gaskiya kika nema, in kika tura fom bana da abin da ke hannunki yanzu damarki kaɗan ce, amma fa ba don dalilin da ƙawayenki suka faɗa ba. 4.21 ba abin rainawa ba ne, ya isa a buɗe fayil ɗinki a karanta, kuma a Amurka ana ɗaukar mutum PhD daga digirin farko kai tsaye, shekara biyar zuwa bakwai ake yi. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren da kika zaɓa, kilinikal ya fi kowane ɓangaren saikoloji wuyar shiga, sai ki ga mutum ɗari uku ko ɗari huɗu sun nema a sashe guda an ɗauki shida ko takwas, kuma kusan duk waɗannan ɗaruruwan makinsu mai kyau ne, kin ga kenan ba maki ne zai raba gardama ba.

Abin da ɗalibanmu ba su cika sani ba, a can kusan farfesa guda kike nema ya ɗauke ki, ba makarantar ba. Shi ke da ɗakin bincike, sashen zai yafe miki kuɗin makaranta ya riƙa ba ki alawus na shekaru, don haka tambayar da ke ransa ita ce wannan yarinyar in ta zo za ta iya aikin da muke yi? Ta taɓa tattara bayanai da hannunta, ta iya lissafinsu da manhajar kwamfuta irin SPSS ko R, ta taɓa rubuta abin da aka gabatar a taro ko aka buga a mujallar masana? Da yawa cikin waɗanda za ki yi takara da su sun yi shekara ɗaya ko biyu suna wannan aikin bayan sun gama digiri.

Shi ya sa wallahi furojet ɗin nan naki ya fi min komai a wasiƙarki. Damuwar bayan haihuwa fage ne da ake bincike sosai a kansa, kuma ke kina da abin da farfesan can ba shi da shi, kina jin Hausa, za ki zauna da mai jego ta faɗa miki abin da ba za ta faɗa wa baƙo ba. Kar ki yi shi irin na a samu maki a wuce. Ki samu sufabaizanki ki ce masa kina so ku gyara shi a buga, ki roƙi shiga duk wani bincike da lakcarorinku ke yi ko da shigar da bayanai a kwamfuta ne kyauta, shekarar bautar ƙasa kuma ki yi ƙoƙari a tura ki asibitin ƙwaƙwalwa ko wata cibiyar bincike. R kyauta ne, ki sauke ki fara koyo tun yanzu. Daga nan ne ma wasiƙun shaida guda uku da ake nema za su fito, don wasiƙar malamin da kuka yi aiki tare daban take da ta wanda ya san ki a aji kawai.

Mastas kuma kar ki raina shi, in mai bincike ne sosai yana ƙara miki nauyi. Sannan ki tambayi kanki, jinyar mutane kike so ko bincike? In bincike ne, akwai ɓangaren halayyar zamantakewa da na tasowar yara, turereniyar ba ta kai ta kilinikal ba duk da su ma ba sauƙi. Za ki ga wani digiri wai shi PsyD, wanda ya fi karkata ga jinya a kan bincike, ya fi sauƙin shiga amma yawanci ke za ki biya, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. In kilinikal ɗin dai kika dage, ki tabbatar APA, wato ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka, ta amince da shirin.

Yawancin makarantu 1 ga Disamba suke rufe karɓar fom, intabiyu a Janairu da Fabrairu, wanda aka ba gurbi da tallafi yana da har 15 ga Afrilu ya amsa. GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, da yawa sun daina nema tun 2020, amma ki duba kowace makaranta daban, haka ma jarrabawar Turanci ta TOEFL, wasu kuma za su ce a kai sakamakonki WES, cibiyar tantance takardun karatu na ƙasashen waje, a auna shi da ma'auninsu na 4. Kuɗin fom da dala ne, kowace makaranta da nata, don haka ki nemi a yafe miki, ana yi. Ofishin EducationUSA, masu wayar da kai kan karatu a Amurka, da ke Abuja da Legas suna ba da shawara, su za ki tambaya halin da bizar ɗalibai ke ciki kafin ki kashe ko sisi.

Ni da ƙanwata ce ke uwa ɗaya uba ɗaya, zan ce ki bar bana ta wuce, ki yi shekara biyu kina gina binciken nan, sannan wajen watan Satumba ki tura wa farfesoshi kamar goma masu aiki a kan lafiyar masu jego gajeren imel, ki faɗi abin da kika yi, ki tambaya ko za su ɗauki ɗalibi a shekarar. In kin kammala furojet ɗin ki sake rubuto min in ji abin da kika gano, Allah Ya ba da sa'a.