Tambaya da Amsa: Na iya sana'a amma ba ni da digiri, ta ina zan shiga aikin kamfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 28. Na gama sakandare ban samu halin wucewa jami'a ba, sai mahaifina ya kai ni Tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke Kaduna, inda na koyi walda har maigidana ya yaye ni. Ina ƙera ƙofofi da tagogi da tankin ruwa, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Amma duk lokacin da na je neman aiki a wani kamfanin gine-gine, abin da ake fara tambayata shi ne takarda, idan na ce babu sai a ce in shiga layin leburori, alhali ina ganin ana kawo masu walda daga wasu garuruwa ana ba su aikin da na san zan iya. Shin sai na koma na yi digiri ne, ko akwai wata hanya? Daga wani mai karatu a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardar da suke tambayarka ba digiri ba ce, kuma ba na ba ka shawarar ka ajiye sana'ar da ka ci wuyar koyonta don neman abin da ba shi ake buƙata ba a wannan aiki. Mai ɗaukar ma'aikata a kamfani bai san maigidanka ba, bai ga ƙofofin da ka ƙera ba, kuma idan waldar da ka yi ta ɓalle ta yi ɓarna shi za a tuhuma, don haka yake neman shaidar wata hukuma da ta gwada hannunka ta sa hatiminta. Babban abin da ke damuna game da matasan Arewa masu sana'ar hannu shi ne gwanintar tana nan, amma ba wanda ya rubuta ta a takardar da baƙo zai yarda da ita, sai a wayi gari gwani yana karɓar kuɗin lebura.

Hanya mafi kusa da kai ita ce gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda aka fi sani da Trade Test. Mataki uku gare shi: ana farawa da aji na uku, a hau na biyu, a ƙare da na ɗaya, wanda shi ne mafi girma. Ma'aikatar tana da ofisoshi a jihohi, kuma can ya kamata ka je da ƙafarka. Akwai masu sayar da wannan takarda a bayan fage ba tare da an gwada mutum ba, kuma ina roƙonka ka guje su, domin ranar da kamfani ya bincika ya gano ta bogi ce, ka rasa aikin ka kuma rasa mutuncin da za a sake kiranka da shi.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da halinka. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna, tana kula da tsarin shaidar ƙwarewa da ake kira NSQ, kuma a cikinsa akwai tanadi na musamman ga wanda ya koyi sana'a a hannun maigida ba a makaranta ba. Ba a mayar da shi aji ya faro daga farko, sai dai mai tantancewa ya tsaya ya kalli yadda yake aiki, ya yi masa tambayoyi, ya duba ayyukan da ya gama, sannan a ba shi matakin da ya cancanta. Panteka tana cikin wuraren da aka fi gwada wannan tsari, tun lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya ƙulla alaƙa tsakanin kwalejin da masu sana'ar kasuwar, kafin a naɗa shi shugaban NBTE a 2021. Saboda haka ka fara da shugabannin ƙungiyar kasuwarku, ka tambaye su yadda ake shiga. Tun yau kuma ka riƙa ɗaukar hoton kowane aiki da ka gama da wayarka, ka buɗe littafi kana rubuta kwanan wata da irin aikin da wanda aka yi wa, ka kuma nemi maigidanka ya rubuta maka wasiƙa mai nuna shekarun da ka yi a hannunsa.

Sai dai akwai wata gaskiya da ya kamata ka ji. Waldar ƙofa daban, waldar bututu daban. Manyan ayyuka irin na bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020 mai tsawon kilomita 614, suna buƙatar mai waldar da zai haɗa bututu yana zagaye shi ta sama da ta ƙasa ba tare da an juya masa shi ba, sannan a zo da na'ura a haska gaɓar don a ga ko akwai ƙaramin rami ko tsaga a ciki wanda ido ba ya gani. Wanda ya iya wannan, ya kuma iya waldar argon, wato waldar da ake amfani da iskar argon wajen kare gaɓar da ake haɗawa, shi ne ake ɗaukowa daga nesa a biya shi da tsada. Idan ka samu takardar farko, to horon da za ka ƙara ya zama na cike wannan giɓi ne kai tsaye. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, yana da cibiyar koyar da sana'o'in masana'antu a Kano, kuma tun da kamfanoni ne ke zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya, jami'ansa suna da masaniya kan ma'aikatun yankin da irin hannun da suke nema.

Kafin ka biya ko sisi a wata cibiyar horo, ka fara da kamfanin, kada ka fara da makarantar. Ka je wurin da ake aikin, ka samu wanda ke kula da masu walda, ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi takardar da suke karɓa da gwajin da suke yi wa sabon ma'aikaci. Daga nan ka tambayi cibiyar horon inda ɗalibanta na bara suke aiki yanzu, kuma ko tana tura ɗalibai sanin makamar aiki a kamfani. Idan suka kasa ambata maka wuri ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: 'Yata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ba mu da ƙarfin jami'a. Wani ya ce in ba shi kuɗi zai samo mata gurbi a shirin koyar da sana'a na gwamnati. In ba shi? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, kada ki ba shi. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a 1987, tana da ofishi a Kano, kuma tana da shirin da take haɗa matasa da masu sana'a su koya a shagunansu. Ki je da yarinyar da takardunta ku tambaya da bakinku. Idan ma akwai wani kuɗi na hukumar tarayya da za a biya, ana biyansa ne a asusun gwamnati a karɓi rasit, ba a hannun mutum ba.

Tun da kin ce sakamakonta yana da kyau, ina ganin ku duba kwalejojin koyon aikin lafiya, inda ake horar da ma'aikatan lafiya na al'umma, akwai ƙaramin mataki akwai babba. Asibitocin karkara a jihohinmu suna da buƙatar ma'aikata mata, domin mata da yawa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace wajen awon ciki da haihuwa. Ki tabbatar kwalejin tana da amincewar hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, domin idan babu wannan amincewa, yarinyar za ta gama karatun ba ta samu lasisin yin aiki ba.