Kafin ka sayi sitik, tambayi ko ana buɗe cikinsa

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan sitik, akwatin nan mai sanda ɗaya da manyan maɓallai da masu wasan faɗa ke ɗorawa a cinya. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina buga Street Fighter 6 da Tekken 8 a kwamfutata da fad, abin wasan nan da ake riƙewa da hannu biyu ana danna shi da manyan yatsu, amma idan na daɗe sai babban yatsana ya kama ciwo. Na ga manyan 'yan wasa a YouTube suna amfani da sitik, na kuwa tara ɗan kuɗi. Wanne zan saya, kuma zai sa in ƙara ƙwarewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Sitik ba ya ƙara wa mutum ƙwarewa. Makonnin farko ma wasanka baya zai ci, har abokin da ka saba lallasawa ya fara lallasa ka, domin hannunka zai koma koyon abin da yatsa ya riga ya haddace. A gasar Evo ta 2014 a Las Vegas, babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, Bafaranshen nan Luffy ya ɗauki kofin Ultra Street Fighter IV da tsohon fad na PlayStation ta farko. MenaRD na Jamhuriyar Dominika da fad ya ci Capcom Cup har sau biyu. Shi kuwa Arslan Ash na Lahore a Pakistan, wanda ya lashe Evo Japan da Evo a Tekken 7 duk a 2019, da sitik yake wasa. Ka ga kowa da abin da hannunsa ya saba da shi.

Amma dalilin da ka kawo na ciwon yatsa dalili ne mai ƙarfi, kuma saboda shi nake goyon bayan ka saya. Waɗannan wasanni a kan injinan gidajen wasa na Japan aka haife su. Lokacin da Capcom ta fitar da Street Fighter II a 1991, maɓallai shida ta jera: uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Aka tsara su yadda kowane yatsa na hannun dama zai sami nasa, hannun hagu kuma ya riƙe sanda, aikin ya koma kan wuyan hannu. A fad, manyan yatsu biyu ne suke ɗaukar mafi yawan wannan wahala.

To wanne? Ni ban damu da zanen da ke samansa ko fitilun da ke gefensa ba. Sayen sitik kamar sayen babur ne: kafin a yaba fenti, a tambaya ko kayan gyaransa suna samuwa. Abubuwa uku ne kawai a cikin akwatin: sanda, maɓallai, da allon lantarkin da ke kai saƙo ga kwamfuta. Biyun farko dole wata rana su gaji. Idan akwatin yana buɗuwa kuma ramukansa sun dace da ma'aunin da kowa ke bi, maɓalli ya mutu ka cire ka sa wani cikin minti biyar. Idan kuwa an liƙe wayoyin da darma a jikin allo, ramukan kuma nasu ne su kaɗai, ranar da maɓalli ɗaya ya daina amsawa ranar kuɗinka ya tafi. Mu nan ba mu da gatan mayar da kaya ga kamfani, kuɗin aikawa kaɗai ya isa ya hana ka. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina.

Ma'aunin da nake nufi shi ne na kamfanonin Japan, Sanwa da Seimitsu. Manyan maɓallan milimita 30 ne, ƙananan na farawa da tsayarwa milimita 24. Sandar Sanwa da ake kira JLF ita ce ta fi yawa a hannun masu wasan faɗa. Da za ka juya ta ka duba ƙasanta, za ka ga ƙananan makunnai huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, da sifirin guda mai dawo da ita tsakiya, sai wani farantin roba mai rami mai kusurwa huɗu wanda yake iyakance inda sandar za ta kai. Wannan faranti shi ne yake rikita sababbin shiga. Mutum yana so ya jefa Hadoken, dukan nan na Street Fighter da ake fitarwa da tura sanda ƙasa, ƙasa da gaba, gaba, sai ya danna sandar da ƙarfi yana goga ta a bangon ramin, ta maƙale a kusurwa, ya ce kayan ba su da kyau. Alhali makunnin ya riga ya yi "ƙas" tun kafin sandar ta taɓa bango. Ka saurari wannan ƙara, ka sassauta hannu. Ana sayar da faranti mai kusurwa takwas da araha, kuma yana sa zagayen ya yi santsi, amma ina ba ka shawara ka daure da mai huɗun tukuna. Kusurwoyinsa suna da amfani: idan kana wasa da Guile, ɗaya daga cikin mayaƙan Street Fighter, ko kana tsugune kana tare duka, ka san tabbas kana ƙasa da baya ba tare da ka duba ba.

Tunda ka ambaci Tekken, za ka ji ana zancen sandar Koriya, irin ta kamfanin Crown. Ita roba ce ke dawo da ita tsakiya a maimakon sifirin, kanta kuma dogo ne ba mulmulalle ba. Masu Tekken da yawa suna son ta saboda saurin ja da baya da motsin 'yan gidan Mishima, wasu mayaƙan cikin wasan. Kada ka fara da ita. Ba kowane akwati take shiga ba, kuma da JLF za ka buga wasannin naka biyu lafiya lau.

Yanzu sunaye. Farashi yana farawa daga ƙasa da dala 100 ya kai wajen dala 400 ga irin su Victrix Pro FS. Ga ɗalibi, Mayflash F300 ko F500 sun wadatar: kayan da suke zuwa da su matsakaita ne, amma ana buɗe su a sa na Sanwa duk ranar da hali ya samu. F500 Elite da na Sanwa yake zuwa tun daga kamfani. Qanba Obsidian ma haka, ga nauyi ga faɗi. Hori Fighting Stick Alpha kayan Hayabusa na kamfanin Hori ne a cikinsa, murfinsa kuma ɗagawa kawai ake yi, ba sai an nemo sukudireba ba, abin da nake matuƙar so ke nan game da shi. Da ni ne da kuɗin ɗalibi, F500 zan ɗauka, in ajiye canjin don maɓallai.

Ka guji ƙananan nan marasa nauyi da ba a san sunan kamfaninsu ba. Sitik mai kyau yana kai kilo biyu zuwa uku ko fiye, kuma nauyin da gangan ne, don kada ya riƙa zamewa daga cinya idan wasa ya yi zafi. Sai dai nauyin nan zai bayyana a kuɗin jigila, saboda haka ka haɗa lissafin kafin ka danna saye.

Abu na ƙarshe, tunda a kwamfuta za ka yi wasa: ka tabbata an rubuta cewa yana aiki da XInput, hanyar da Windows ke gane fad na Xbox. Da ita kusan kowane sabon wasa zai gane shi da zarar ka jona. Wanda DirectInput kaɗai yake da shi sai ka bi ta saitin Steam, manhajar sayen wasanni da buga su a kwamfuta, wani lokaci da ɗan wahala. Kuma ka jona da waya. Wasannin faɗa hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa, kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, akwai kuma haɗin dukan da sai ka dace da hoto ɗaya ko biyu. Idan a ɗakin kwanan ɗalibai kake, ka sani maɓallan Sanwa suna da ƙara cikin dare. Akwai samfurinsu mara ƙara, ka nema don zaman lafiya da abokan ɗaki.

TAMBAYA: Malam, a Legas nake kasuwanci. Na ga wani tsohon sitik tokumbo na Mad Catz a shago, mai shagon ya ce na PlayStation 3 ne amma zai yi a kwamfuta. In ɗauka?

AMSA: Ɗan'uwa, idan Tournament Edition ne, wanda ya fito tare da Street Fighter IV a 2009, ka ci karo da abu mai kyau. Kayan Sanwa ne a ciki, akwatin kuma ƙaƙƙarfa ne. Matsalar ita ce na PlayStation 3 ɗin an san shi da ƙin aiki a ramin USB na wasu kwamfutoci, yayin da na Xbox 360 Windows take karɓarsa ba gardama. Don haka kada ka biya sai ka je da laftof ɗinka. Ka jona, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe shafin gwaji. Danna kowane maɓalli ka ga lambarsa ta haska, kuma ta mutu da ka ɗaga yatsa. Juya sandar zuwa ɓangarori takwas ɗin a hankali, musamman kusurwoyi, domin nan ne gajiyayyen makunni yake tona kansa. Sannan ka lanƙwasa wayar kusa da inda ta shiga akwatin kana kallon fuskar laftof ɗin. Idan ta yanke ta dawo, wayar ta karye a ciki.

Ko kwamfutar ba ta gan shi ba, kada ka juya baya nan take. Ka nemi ragi sosai. Akwatin da sandar sun cancanci saye, allon lantarkin kuma ana canza shi da na kamfanin Brook ko wani makamancinsa, duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen darma zai taimaka maka.

TAMBAYA: Ɗana ya kammala sakandare, ina so in yi masa kyauta. Kullum ƙwallo yake bugawa a kwamfuta. Wani ya ce in saya masa wannan sitik ɗin. Ya dace?

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya albarka, ya sa ya fito da sakamako mai kyau. Kada ki saya masa. Sandar sitik ɓangarori takwas kawai ta sani, ko an tura ko ba a tura ba, babu tsaka-tsaki. Wasan ƙwallo da tseren mota da na harbi suna buƙatar ƙananan sandunan fad guda biyu masu gane tura kaɗan da tura da yawa. Ki saya masa fad na Xbox na asali, zai fi jin daɗinsa nesa ba kusa ba, kuɗin ma bai kai ba.

TAMBAYA: Malam, ni kafinta ne a Kano, kuma tsofaffin wasanni nake so, irin su King of Fighters '98 da Metal Slug da Pac-Man. Zan iya haɗa nawa da kaina? Na kuma ga wani mara sanda, maɓallai zalla.

AMSA: Maigida, kai ne ka fi kowa sa'a a cikin masu tambayar nan, domin abin da ya fi tsada wajen jigila shi ne akwatin, kai kuwa sana'arka ce. Ka yi shi da katako mai nauyi, faɗinsa ya rufe cinyoyi biyu, zurfinsa ya ɗauki ƙasan sandar, ka bar wurin ɗora tafin hannu a gaban maɓallai. Saman da maɓallan za su zauna ya zama siriri, na ƙarfe ko roba mai tauri, saboda maɓallan Sanwa masu ɗamewa da kansu ba sa kama katako mai kauri. Idan katakon za ka huda kai tsaye, nemi masu zare da ake ɗaurewa ta ƙasa. Kada ka zana ramukan da ka, ka sauko da tsarin jeren maɓallan Vewlix, injin gidan wasa na kamfanin Taito, ka buga a takarda daidai girmansa, ka manna ka huda.

Allon lantarki kuwa, Raspberry Pi Pico mai araha ne, ana ɗora masa manhajar GP2040-CE kyauta, yana kuma yin XInput da sauri ƙwarai. Ka yi hattara da jabun Sanwa a kasuwannin intanet, suna da yawa. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas, ba shi ba ne.

King of Fighters na injin Neo Geo maɓallai huɗu yake buƙata, Metal Slug uku, amma ka huda takwas saboda gaba. A Fightcade, manhajar buga tsofaffin wasanni ta intanet, za ka sami abokan karawa daga ƙasashe daban-daban. Pac-Man na 1980 ɓangarori huɗu kaɗai ya sani, shi ya sa yake yawan ƙin juyawa a sanda mai takwas. Tsakiyar farantin JLF ana murɗa ta sandar ta koma mai ɓangarori huɗu, sai dai duk lokacin da za ka canza sai ka buɗe akwatin, don haka ka yi wa murfin ƙasa hinji tun farko.

Mara sandar da ka gani shi ne wanda kamfanin Hit Box ya yayata, har Daigo Umehara, shahararren ɗan wasan Street Fighter na Japan, ya koma kansa. Maɓallai huɗu ne suka maye gurbin sanda, na tsalle yana ƙarƙashin babban yatsa. Yana da sauri da daidaito, ba ya da nauyi, kuma wanda ya saba da kibod zai gane shi da wuri. Tunda ana iya danna sama da ƙasa lokaci guda, Capcom ta kafa doka a gasanninta tun 2023 cewa idan an yi haka kada mayaƙin da ke cikin wasan ya motsa ko'ina, kuma GP2040-CE tana da wannan saiti. Ga tsofaffin wasannin da ka lissafa ni sanda zan zaɓa, don da ita aka tsara su. Amma tunda allo ɗaya ne yake ɗaukar duka biyun, ka yanka sama biyu, ɗaya mai ramin sanda ɗaya mai ramukan maɓallai, ka gwada kowanne na wata guda. Idan ka gama, ka turo mana hotonsa mu buga a wannan fili.