Likita, Ɗana Ya Yi Ƙiba: Me Zan Ba Shi, Me Zan Hana Shi?

Tun da aka koma makaranta, saƙonnin da ke shigo mini daga cikin garin Gombe da kewaye suka karkata wajen abu ɗaya: kayan makarantar bara sun ƙi shiga, kuma ba tsawo yaron ya ƙara ba. Ga waɗanda na tsinto a wannan makon.

Tambaya: Na daina sa wa 'yata sukari a koko, zuma nake sa mata. Na yi daidai? (Wata uwa daga Bolari)

Amsa: An gudu ba a tsira ba, Hajiya. Wajen ƙiba, zuma da sukari duk kanwar ja ce. Ki riƙa rage zaƙin kaɗan-kaɗan har harshenta ya saba.

Tambaya: Ɗana shekararsa 9, nauyinsa kilo 48, 'yan ajinsu na tsokanarsa. Kakarsa ta ce jikin gidansu ne, in bar shi. Maƙwabciyata ta kawo mini shayin rage tumbi da ta saya a Facebook, yau kwana uku ina ba shi, na kuma hana shi abincin dare. Yana ta zawo, amma ta ce kitsen ne ke fita. (Wata uwa daga Tumfure)

Amsa: Baiwar Allah, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar, tashi ki zubar da shayin nan. Kitse ba ya fita ta bayan gida. Irin waɗannan shayin, yawancinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa ko yawan fitsari aka ƙunsa a leda mai kyau. Abin da ɗanki ke zubarwa ruwan jikinsa ne da gishirin da zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Ma'auni zai nuna ya ragu da kilo ɗaya, ki yi murna, ya sha ruwa kwana biyu kilon ya dawo, wahalar kuwa ta riga ta shige shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne uwar da ba za ta yarda ɗanta ya sha ruwan kwata ba, ita ce za ta ɗura masa abin da ba ta san wanda ya haɗa ba, don kawai an yi tallarsa a waya.

Ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, yadda aka rubuta a jiki. In kin ga idonsa ya faɗa, ko bakinsa ya bushe, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko jiri na ɗibarsa, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti.

Hana shi abincin dare ma ki daina. Yaro yana gina ƙashi da ƙwaƙwalwa ne, ba a yi masa horon yunwa. Wanda ya kwana da yunwa, gobe a ƙofar makaranta zai rama da fanke da cincin, ya kuma koyi cin abinci a ɓoye, wannan ɗabi'ar kuwa ta fi ƙibar wuyar magani. A shekarunsa, sau da yawa abin da muke nema shi ne nauyin ya tsaya cak, tsawo ya zo ya tarar da shi.

Ita kuma Hajiya kaka, a bi ta da lalama. Ta taso lokacin da rama ce ke kashe yara, don haka in ta ga jika ya cika riga, a wurinta alheri ne. Akwai gado a ƙiba, ba ta yi ƙarya ba, sai dai gidan da aka gaji jiki galibi an gaji tukunyar ma. Yaro mai shekara 9 yawanci yana wajen kilo 28 zuwa 30 ne, kin ga ratar ba kaɗan ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yaran duniya masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima, zuwa 2022 ya kai kashi 20. Bayan ƙibar kuma ciwon sukari ne da hawan jini da kitsen hanta, tun yaro bai yi gemu ba. Ki kai shi sashen yara, ko a Asibitin Ƙwararru ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, a auna tsawonsa da nauyinsa a duba jadawalin shekarunsa. In kaka za ta yarda, ku tafi tare, ta ji da kunnenta.

Sai abinci. Fara da abin sha, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13. Ki ɗauko kofi ki zuba cokali 13 a gaban mutanen gida, kowa ya gani. Zoɓo da kunun zaƙin da ake ƙullawa a leda ma ba su tsira ba. Ruwa shi ne abin shan yau da kullum, lemo sai ranar suna ko salla.

Da safe a ba shi kokon gero ko kunun gyaɗa mai ɗan zaƙi kaɗan, da alale ko dafaffen ƙwai. A jakar makaranta a sa gorar ruwa, da gwaiba ko lemon zaƙi ko ayaba, da gyaɗa cikin tafin hannunsa, maimakon kuɗin tara da ke ƙarewa wajen mai fanke. Da rana shinkafa da wake, waken ya yi yawa, a yanka kabeji ko latas da tumatir, man kuma a auna da cokali, kada a tuttula daga galan. Da dare malmalar tuwo ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, ba na babansa ba, miya kuwa ta wadata: kuka, kuɓewa, alayyafo, zogale, da ɗan kifi ko nama in Allah Ya hore. In ya ce bai ƙoshi ba, a ƙara masa miya da ganye ko kwaɗon rama, a dakata da tuwon. Kuma a zuba masa a kwanonsa, domin a tire ɗaya da yayye ba ki san abin da ya shiga cikinsa ba, ga rige-rige.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kada a ware shi. Ba zai yiwu shi yana cin zogale, ƙannensa na shan lemo a gabansa ba. Tukunyar gidan ce za ta canza, ba kwanonsa kaɗai ba. Kuma a daina kiransa da sunan tsokana a gida, na makaranta ya ishe shi.

Tambaya: Boko da safe, Islamiyya da yamma, a Keke ake kai su a dawo da su. Yaushe ɗana zai motsa jiki? (Wani uba daga Jekadafari)

Amsa: Malam, minti 60 ake so a rana, kuma ba dole a haɗe ba. In Islamiyyar a unguwa take, ya taka da ƙafa. Bayan la'asar a karɓe wayar, a bar shi ya buga ƙwallo ko langa har ya yi zufa. Barci ma awa 9 zuwa 12 yake buƙata.

Tambaya: Wuyan 'yata mai ƙiba ya yi baƙi, na dirza da soso da sabulun salo ya ƙi fita. (Wata uwa daga Kumo)

Amsa: Daina dirzawa, ba dauɗa ba ce, kuma kada ki kuskura ki shafa mata man bilicin. Baƙin wuya da hammata mai laushi kamar karan-miski alama ce jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, hanyar ciwon sukari ke nan. A kai ta asibiti a auna sukarin jininta cikin makon nan. In tana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, yau za a je.

Tambaya: Taliyar yara kullum da daddare fa?

Amsa: Kullum ta yi yawa. Sau ɗaya ko biyu a mako, leda ɗaya, rabin garin ɗanɗanon, da ƙwai da kayan lambu.

Tambaya: Yarona ramamme ne, na sayo masa "sha ka fashe" a kemis. Cikin wata biyu fuskarsa ta cika, har ya fi yayansa ƙiba. Yanzu in daina? (Wata uwa daga Bajoga)

Amsa: Innalillahi. 'Yar'uwa, wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Irin ƙwayoyin nan sau da yawa akwai dezametazon a ciki, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don cuta ta musamman. Yana kumbura fuska da ciki, ya tsayar da tsawon yaro, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, ya ta da sukari da hawan jini. Amma ki saurare ni da kyau: kada ki tsayar da shi rana ɗaya da kanki. Bayan wata biyu jikinsa ya dogara da maganin, yankewa farat ɗaya na iya sa ya galabaita har ya suma. A hankali ake janye shi, a hannun likita.

Ki kuma danna ƙaurinsa da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai taso da wuri ba, ko idanunsa na kumbura da safe, ruwa ne ya taru, sai an duba ƙoda. Gobe da sassafe ki kai shi asibiti, ki tafi da kwalin maganin da duk ƙwayar da ta rage.