Ba'amurken da ka gani a Giza da wanda za ka tarar a Ohio

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Ohio amma gabanka na faɗuwa, saboda Amurkawan da ka riƙa gani a Giza lokacin da kake karatu a Alƙahira sun cika ɗaga murya da ɓarin kuɗi, kuma ko gaisuwar Larabci ɗaya ba sa koya. Kana tambaya ko haka suke a gida.

Waɗanda ka gani masu hali ne. Kusan rabin Amurkawa ko fasfo ba su da shi, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutu mai albashi ba. Mafi ƙarancin lada na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Maƙwabciyata a nan Amurka ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya biyu, da asuba nake jin tana kankare ƙanƙara daga gilashin motarta, sai dare ta dawo. Ba ta taɓa tsallaka teku ba. Irinta ne za ka zauna da su.

Ɗaga muryar kam gaskiya ne, amma ba girman kai ba ne. Tun suna yara ake koya musu su faɗi ra'ayinsu a aji. Nan na sha wuya a zangona na farko: ina sunkuyar da kai don ladabi, malamina kuwa ya ɗauka ban karanta komai ba, har ya kira ni ofis. Ka dubi idonsa, ka yi tambaya, in ka ga kuskure ka faɗa. Murmushinsu ma gaisuwa ce kawai, kada ka je gidan mutum ba ka kira ba.

Kuɗin da ka ga suna bari a tebur al'ada ce, kashi 15 zuwa 20 na kuɗin abinci, domin da shi mai kawo abincin yake rayuwa. Ka sa shi a lissafinka, tunda bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin zangon karatu, a cikin makaranta.

Za ka haɗu da wanda bai san bambancin Najeriya da Nijar ba. Amma wata rana a kanti wani dattijo fari ya ga hulata, ya matso ya ce, "Sannu, ina gajiya?" Ashe ya yi aikin sa kai na Peace Corps a wani ƙauye kusa da Maraɗi, shirin da ya yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011. Mun fi rabin awa a tsaye, yana ta tambayata inda zai samu fura.