An Kama Ƙanena Da Kwalin Ƙwaya: Ya Kamata Ya Amsa Laifi?

Tambaya: Barista, jami'an NDLEA sun kama ƙanena, ɗan adaidaita sahu, da kwalin tramadol da wani fasinja ya ba shi ya kai tasha. Ana tuhumarsa da dillanci. Wani mutum da ya ce ya san kan kotu ya ba mu shawarar ya amsa laifi kawai, wai tara za a ci shi ya dawo gida. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Mu bi shawarar?

Amsa: Malama, Allah Ya kawo mafita, Ya kwantar wa Hajiya da hankali. Amma kada ku bi, kada ma ku sake ba mutumin nan ko sisi.

Wannan magana ta "ka amsa a wuce wurin" ta kai bayin Allah da yawa gidan yari, kuma kullum sai na ji ta a bakin masu zaman kashe wando a harabar kotu, da fayil a hammata, ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shari'ar ƙwaya ta Babbar Kotun Tarayya ce. Sashe na 11 na dokar NDLEA ya tanadi har ɗaurin rai da rai ga mai sayar da hodar iblis da dangoginta, sashe na 19 kuwa shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su. Gaskiya ne alƙalai kan sassauta, wani lokaci har da zaɓin tara, amma wannan ganin damar alƙali ce. Wa ya ba ɗan bakin ƙofa ikon yi muku alkawari da bakin alƙali? Ranar da aka yanke hukunci, wayarsa a kashe za ku same ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ake zubarwa. Da zarar yaro ya ce "na aikata", ya sauke wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi da sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗora masa. Ba sauran tambayar ko ya san abin da ke cikin kwalin, alhali sani shi ne ƙashin bayan tuhumar. Ba mai bin diddigin kayan: wa ya auna, an liƙe su a gabansa ya sa hannu a takardar, wa ya kai su ɗakin gwaji, nauyin da aka rubuta ranar kamu ya yi daidai da na rahoton? A irin waɗannan gurabe ake cin shari'a. Ɗaukaka ƙara bayan amsa laifi kuwa ƙofa ce ƙunƙuntacciya ƙwarai. Ko tara aka ci shi, sunansa ya shiga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin ƙwaya.

In ma sulhu ake so, wato yarjejeniyar amsa laifi don a sassauta masa, yana da hanyarsa a sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015: a rubuce, da lauyansa, bayan an ga hujjojin da ke hannun gwamnati.

Ku nemi lauya yau. In babu hali, ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta. Ku tambayi yaron ko ya riga ya ba da jawabi, da wane harshe, an karanta masa kafin ya dangwala, da lauya ko wani nasa a wurin, an ɗauki bidiyo? Ku adana lambar wayar fasinjan, ku nemo 'yan layinsu da suka ga lokacin da aka ɗora kayan, sannan lauya ya shigar da takardar neman beli.