Amsa ga ƙanenmu da ƙarfinshi ke ƙarewa tun kafin goman ƙarshe

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce duk shekara kana shiga azumi da zafinka, izu biyar a rana, asham sahun gaba, amma kafin goma ga wata ka sace kamar tayar kabu-kabu, kana tambayar yadda ake shiri. Wallahi kamar da ni kake. Ni dai ba malami ba ne, tela ne, shagona nan wajen Kasuwar Dole a Damagaram, abin da na gani a jikina kawai zan faɗa maka, malaman da ke cikinmu su gyara mini in na yi kure.

Shekara da shekaru ina asarar goman ƙarshe. Farkon wata ina masallaci, ƙarshen wata ina kan keke. Ka san aikinmu, daga 15 ga wata shadda da atamfa su yi ta zuwa, kowa na cewa don Allah maigida nawa kala ɗaya ne kawai, ni kuma kwaɗayin jikka biyu jikka uku ba ya barina in ce a'a. Daren 27 ina jin ƙira'ar liman ta lasifika ana tahajjud ni ina fama da wuyan riga, in an ɗauke kuran in kunna fitila in koma keken ƙafa. Azumin 2021 wanda ya kama daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, ka tuna zafin nan da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi, to ranar sallah barci ya kwashe ni a shago har aka sauko daga idi ban sani ba. Rigunan da na ɗinka duk sun je idi, mai ɗinkin bai je ba. Ranar na ji kunyar kaina.

Daga nan na fara shirina tun Sha'aban. Litinin da Alhamis nake ɗauka, dama Nana A'isha ta ce bayan Ramadan babu watan da Manzon Allah (SAW) yake yawaita azumi kamar Sha'aban. Kuma ga mu masu shan shayi yana da wani amfani, ciwon kan nan na rashin shayi da ke kada mutum kwana ukun farko a Sha'aban yake ƙarewa, ka shiga watan kanka sarai. In akwai ramuwar bara a kanka ka biya, ka tuna wa na gida su ma. Sai wanda kuke gaba da shi. Ni akwai maƙwabcin da muka kusa shekara ba ma gaisawa a kan maganar kwata, na daure na je ƙofar gidanshi na yi sallama, maganar ko minti biyar ba ta kai ba.

Karatu kuwa izu biyar ɗin nan shi ke karya ka. Alƙur'ani izu 60 ne, biyu a rana sun kai ka sauka cif a kwana 30. Ni ɗaya bayan asuba kafin barci ya dawo, ɗaya bayan azahar lokacin da rana ta hana kowa motsi ko kare ba ka gani a titi. In ka ga da sauran ƙarfi ka ƙara, amma kar ka sauko ƙasa da biyun. Kuma ka zaɓi wurin tafsiri ɗaya ka lizimce shi, ba yawon unguwanni yau Birni gobe Zango jibi Garin Malam ba, ƙarshe babu surar da ka ji daga farkonta zuwa ƙarshe.

Buɗa baki ma yana cinye mana asham. Ana kiran salla mu afka wa zoɓo mai ƙanƙara kofi uku, ga kunu ga ƙosai ga tuwo, liman na raka'a ta huɗu kai kana neman bangon jingina. Dabino da ruwa da ɗan kunu, ka yi magariba, abinci mai nauyi ya jira bayan asham. Sahur kar ka bar shi ko fura ce, ka jinkirta shi kusa da alfijir. Niyya kuma a Malikiyya da muka tashi a kai, ta daren farko ta isa wata duka sai in azumin ya yanke da tafiya ko rashin lafiya, sai ka sabunta.

Amma fa abin da na fi ji muku ku samari shi ne fada, wato majalisar hirar nan ta dare. A sallame asham a dasa shayi, ga waya a hannu ana WhatsApp, ana cin naman mutane har ƙarfe biyu, gobe a yini barci a ce azumi da wuya. Hadisi ne a Buhari cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba Allah ba Ya buƙatar ya bar ci da shanshi. Ban ce ka guji abokai ba, ka sha kofin farko ka yi sai da safe.

Yanzu ni daga 10 ga wata ba na karɓar ɗinki, ko na wane ne. Wasu sun yi fushi sun koma wani shagon, kuɗi sun ragu ba zan ɓoye maka ba, amma daren 21 allurata a ajiye take. Geron zakkar fidda kai ma tun tsakiyar wata nake aunawa in ajiye, mudun Nabi huɗu kowane kai, don kar in shiga turmutsitsin kasuwa jajibiri.

Ba ka faɗi aikin da kake yi ba. In ɗan lakwal ne kai, wato ɗan makarantar boko, ko mai kabu-kabu lokutanka ba za su zo ɗaya da nawa ba, ka faɗa mini mu duba inda izu biyun nan za su shiga.