Shin kwafin da nake yi a filashi ya isa ya kare bayanan kasuwancina?

Tambaya: Ina da kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma lissafin bashi da rasidai da kundin kaya duk suna cikin kwamfuta ɗaya. Duk ranar Juma'a nakan kwafe su a filashi, in bar shi a jikin na'urar. Hakan ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, Alhaji, domin duk abin da ya sami kwamfutar zai sami filashin da ke maƙale a jikinta, ko ɓarawo ne, ko gobara, ko muguwar manhajar nan da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, wadda ba ta ƙyale duk wani ma'aji da ta tarar a jone.

Abin da ya sami kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yunin 2017 ya isa misali. Wata muguwar manhaja mai lalata kwamfutoci da ake kira NotPetya ta ɓarke daga Yukiren ta mamaye shi, kuma da yake na'urorin da ke riƙe da izinin shigar ma'aikata suna kwafar juna ne ta hanyar sadarwa ɗaya, sai suka lalace tare. Kwafin da ya tsira yana ofishinsu na Ghana, inda aka ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta yanke daga sauran. Da shi aka farfaɗo da kamfanin, bayan an sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci kimanin 45,000, asara kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Sa'a ce ta cece su, kai kuwa tsari ya kamata ka dogara da shi: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin kuma ba a jone da komai ba.

Sannan ka lissafa cinikin kwana nawa za ka iya jure rasawa. Idan kwamfutar ta mutu ranar Alhamis, na kwana shida ya tafi, kuma ba kowane wanda ya karɓi kaya bashi ranar Talata ne zai zo ya tuna maka ba. A ganina, mai ba da bashi kullum ya kamata ya yi kwafi kullum.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne gwaji. Sau ɗaya a wata, a ɗauki kwafin a buɗe shi a wata kwamfutar dabam, a tabbatar lissafin ya fito daidai, a kuma rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. Kowane ma'aikaci ya sami lambar sirrinsa, a soke ta ranar da ya bar aiki. A rubuta a takarda wanda za a kira da yadda ciniki zai ci gaba da littafi da biro kafin a gyara. Idan kuma bayanan abokan ciniki suka fita ta yadda za su iya cutuwa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin sa'o'i 72.